Nijar ta fita CEDEAO, amma sefa tana nan

A kasuwannin ƙauye ana ta tambaya: tun da Nijar ta fita CEDEAO a watan Janairu 2025, ko sefa za ta daina ci? A'a. Sefa kuɗin ƙungiyar UEMOA ne, mai ƙasashe 8, kuma Nijar tana cikinta.

Amma talakawa ba su manta da 2023 ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, babban bankin sefa da ke Dakar ya riƙe kuɗin gwamnati. Kuɗi suka yi wuya, mutane suka riƙa yini bakin bankuna. Sai Fabrairu 2024 aka ɗage takunkumin.

Shi ya sa ake zancen ƙasashen Sahel su buga kuɗinsu. Kafin nan, manomi ya sayar da wakensa da sefa, kada 'yan canji su ruɗe shi.