Kasuwar 'yan wasa a tsakiyar kaka: yadda ake saye, aro da sallama, daga Bauchi zuwa Amurka

Duk shekarar da ƙungiyar Wikki Tourists ta Bauchi ta shiga zagaye na biyu na gasar Firimiya ta Najeriya ba tare da maki masu kwantar da hankali ba, magana ɗaya ce ke yawo a bakin magoya bayanta, tun daga kujerun filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa har zuwa teburan masu shayi na Wunti: a sayo ɗan gaba, a sallami wane, a ɗauko wane daga Kano ko Jos. A ganin mai faɗa, abin bai wuce a fitar da kuɗi ba. Sai dai kasuwar 'yan ƙwallo ba kullum take ci ba. Tana da ranar buɗewa da ranar tashi, kuma wanda ya makara ko da kwana ɗaya ne, kuɗinsa ba za su yi masa amfani ba.

Ƙungiyoyi 20 ne ke buga gasar, kowacce wasanni 38, huɗun ƙarshe kuma su faɗa rukuni na biyu. Wikki ta ɗanɗani daɗi da ɗacin wannan tsari. Ta ɗauki kofin ƙalubale na ƙasa a 1998, ta zo ta uku a gasar 2016 a hannun koci Abdu Maikaba, ta faɗi daga gasar a 2023, sannan ta dawo a 2025. Ga ƙungiya irin wannan, 'yan makonnin da ake buɗe kasuwa a tsakiyar kaka su ne dama ta ƙarshe ta gyara kuskuren da aka yi wajen ɗaukar 'yan wasa tun farko.

Hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ita ce ta shata iyakar. Dokarta ta rajista da sauya sheƙa ta ce kowace ƙasa za ta ware lokuta biyu kacal a shekara da za a yi wa ƙwararren ɗan wasa rajista. Na farko yana zuwa bayan an kammala kaka, tsawonsa daga mako 8 zuwa 12. Na biyu yana zuwa a tsakiyar kaka, daga mako 4 zuwa 8, kuma idan aka haɗa su kada su wuce mako 16. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, NFF, da masu gudanar da gasar ne ke tsayar da ainihin ranakun a cikin wannan iyaka. Abin lura shi ne, ba cinikin aka hana ba, rajistar aka hana. Ƙungiyoyi biyu na iya shiryawa a kan ɗan wasa a kowace rana ta shekara, amma ba zai sa rigar sabuwar ƙungiyarsa a wasan gasa ba sai an buɗe rajista.

Hikimar wannan ba ɓoyayyiya ba ce. Da a ce kasuwa a buɗe take har ƙarshe, ƙungiyar da ta tsira daga faɗuwa, ba ta kuma hango kofi, za ta iya kwashe gwanayenta ta miƙa wa maƙwabciyarta mai neman kofi saura wasa uku a tashi. Gasar da aka fara da ƙungiyoyi 20 sai ta ƙare da wasu dabam masu sanye da tsofaffin riguna.

Idan kasuwa ta buɗe, hanyar da aka fi sani ita ce saye: ɗan wasa yana da kwantiragi da ƙungiyarsa, sabuwar ƙungiya ta biya kuɗin da aka yi ciniki a kai, shi kuma ya amince ya sa hannu a sabuwar yarjejeniya. Amincewarsa sharaɗi ce. A ƙwallon ƙafa ba a ɗaukar mutum a kai shi Aba ko Fatakwal alhali bai yarda ba, ko da shugabannin ƙungiyoyin biyu sun riga sun tafa. A tsakiyar kaka, aro ya fi saye sauƙi, domin ƙungiyar da ke da ɗan wasan da ya daɗe a benci za ta so ya je ya motsa ƙafa, mai karɓa kuma ba sai ta biya kuɗi mai yawa ba. Tun daga Yulin 2022 FIFA ta ƙayyade cewa aro ba zai wuce shekara ɗaya a yarjejeniya guda ba, kuma ƙungiyar da ta karɓi aro ba za ta sake ba da shi aro ga wata ba.

Hanya ta uku ita ce ɗaukar wanda ba shi da kwantiragi da kowa, kuma ita ce ta fi yawa a gasar cikin gida, inda galibin yarjejeniyoyi gajeru ne. Misalin da kowa ya sani a Arewa shi ne na Ahmed Musa, wanda ya rabu da Al-Nassr ta Saudiyya a Oktoban 2020, ya zauna ba ƙungiya, sannan ya koma Kano Pillars a Afrilun 2021 ana tsakiyar kaka. Babu kuɗin saye da za a biya wa kowa a irin wannan. Abin da ake buƙata ga wanda ya taso daga wata ƙasa shi ne takardar izinin sauya sheƙa daga hukumar ƙwallon ƙasar da ya baro, wadda tun 2010 ake nema ta manhajar FIFA ta intanet.

Gajeren kwantiragi yana da araha a yau, gobe kuma ya yi tsada. Ƙungiyar da ta ɗauki yaro na kaka ɗaya, ya haskaka, ba ta da abin riƙe shi idan wa'adi ya cika, kuma doka ta ba shi damar ƙulla yarjejeniya da wata ƙungiya tun saura wata shida kwantiraginsa ya ƙare. Magoya bayan Wikki sun san yadda nasara ke jawo idon masu saye: Godwin Obaje ya ci ƙwallo 18 a 2016, ya fi kowa a gasar, kakar da ta biyo baya kuwa a Ifeanyi Ubah ta Nnewi ya buga, kocin da ya kai su mataki na uku kuma ya koma Akwa United.

Akwai wata ƙa'ida da ke kama masu yawan tsalle. A kaka ɗaya ana iya yi wa ɗan wasa rajista da ƙungiyoyi uku, amma biyu kawai zai buga wa wasan gasa. Wanda ya fara kaka a Gombe, ya je aro Maiduguri ya buga ko da minti biyar ne, Bauchi ba za ta iya sa shi a fili ba a wannan kakar.

Wanda aka sallama

Inda lamarin ya fi ciwo shi ne wajen ɗan wasan da ƙungiya ta gaji da shi. Domin a kawo sababbi sai an rage tsofaffi, saboda gurbin rajista yana da iyaka, albashi ma haka. A rubuce, ƙungiya ba ta da ikon soke kwantiragi ita kaɗai ana cikin kaka don kawai ɗan wasa bai taka rawar da aka zata ba. Rashin cin ƙwallo ba laifi ba ne a idon doka. Idan ta kore shi ba tare da hujja ba, za ta biya shi diyya, wadda aka saba lissafawa daga abin da ya rage a kwantiraginsa, kuma ana iya hana ta rajistar sababbin 'yan wasa har zangon kasuwa biyu. Shi ya sa sanarwar da aka fi gani ita ce wadda ke cewa an rabu bisa fahimtar juna.

A nan kwanan watan da ke kan takarda ya fi komai muhimmanci. Dokar FIFA ta bar ƙofa a yi wa mutum rajista bayan an rufe kasuwa, idan kwantiraginsa ya ƙare ko an soke shi da yardar ɓangarorin biyu kafin ranar rufewa. Idan kuwa ya sa hannu a takardar rabuwa bayan an rufe, ya rufe wa kansa wannan ƙofa. Zai zauna a gida har zuwa kaka mai zuwa, ba albashi, ba wasa, ƙafa tana sanyi, masu neman 'yan wasa suna mantawa da shi. Ga matashin da iyaye da ƙanne suka dogara da shi, kwana biyu tsakanin sa hannu da wuri da sa hannu a makare na iya zama asarar rabin shekara. Ƙungiyar da ta jinkirta sallama har kasuwa ta tashi ba ta karya wata doka a zahiri ba, amma ta zalunci mutum.

Ɗan wasa ma yana da nasa makamin. Idan ƙungiya ta riƙe masa albashin wata biyu, zai iya rubuta mata takardar gargaɗi ya ba ta aƙalla kwana 15, idan ba ta biya ba ya soke kwantiragin da hujja, kuma irin wannan yana cikin waɗanda ake iya yi wa rajista a wajen lokacin kasuwa. Jinkirin albashi tsohon kuka ne a gasar Najeriya, inda gwamnatocin jihohi ke da akasarin ƙungiyoyi, kuɗi kuma sai sun bi ta ofisoshi kafin su iso. Amma wannan makami ba ya aiki sai da kwantiragi rubutacce a hannun ɗan wasa da kuma gargaɗi a rubuce. Rikici tsakanin ɗan Najeriya da ƙungiyar Najeriya yana zuwa gaban kwamitin NFF mai sasanta irin waɗannan ƙararraki. Baƙon da ya zo daga Nijar ko Kamaru yana iya kai nasa gaban kotun FIFA.

Yadda Amurkawa ke yi

Akwai wani wasa da ya warware wannan matsala ta wata hanya dabam, kuma kwatanta su yana nuna abin da ƙwallon ƙafa ta zaɓa. Besbol, wasan da ake dukan ƙaramar ƙwallo da sanda, yana da babbar gasa ta ƙungiyoyi 30 a Amurka da Kanada, kowacce tana buga wasanni 162 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, sannan a shiga wasannin kofi a Oktoba. A can ana musayar 'yan wasa ana cikin kaka har zuwa wajen ƙarshen Yuli, kuma galibi ba da kuɗi ake saye ba, mutum ake bayarwa a karɓi mutum. Ba a ma neman yardar ɗan wasa, sai fa in kwantiraginsa ya ba shi ikon ƙi, ko ya shekara 10 a gasar, biyar na ƙarshe a ƙungiya ɗaya.

Bayan ranar rufe musaya, abin da ya rage shi ne tsarin da za a iya kira allon sallama. Ƙungiyar da ke son rabuwa da ɗan wasa sai ta sa sunansa a gaban sauran ƙungiyoyin na kimanin kwana biyu. Duk mai so ta nuna. Idan masu so sun fi ɗaya, wadda ta fi kowa rauni a teburi ita ke samu, ta kuma ɗauki nauyin albashinsa da ya rage. Idan babu mai so, ƙungiyarsa na iya sakinsa, amma ita za ta ci gaba da biyan abin da ke cikin kwantiraginsa, duk wadda ta ɗauke shi daga baya kuma mafi ƙarancin albashi kawai za ta biya. Wanda ake so ya buga wasannin kofi dole ya kasance a hannun ƙungiya zuwa wajen ƙarshen Agusta.

Kafin 2019 wannan allo ya kasance wata ɓarauniyar hanya ta ciniki a watan Agusta. Ƙungiya na iya sa sunan gwaninta don ta gwada kasuwa, idan wata ta nuna tana so sai ta janye shi ko ta yi ciniki da ita, idan kuwa ba wanda ya nema sai ta musanya shi da duk wadda ta ga dama. Ta haka Justin Verlander ya bar Detroit Tigers ya koma Houston Astros a ranar 31 ga Agustan 2017, Astros kuma suka ɗauki kofin wannan shekarar. Daga 2019 aka toshe wannan hanya: musaya ta tsaya a ranar rufewa, sunan da aka sa a allo kuma ba a janye shi. A Agustan 2023 ƙungiyar Los Angeles Angels, da ta ga kaka ta kuɓuce mata, ta zuba 'yan wasa shida a allon lokaci guda don rage kashe kuɗi. Cleveland Guardians ta kwashi uku daga ciki, Lucas Giolito da Reynaldo López da Matt Moore, saboda tana ƙasa da sauran masu nema a teburi. Duk da haka ba ta kai wasannin kofi ba.

Da a ce gasar Najeriya tana da irin wannan tsari, ɗan gaban da Enyimba ko Rivers United ta sallama a zagaye na biyu zai fara faɗawa hannun ƙungiya ta 20 ne, sannan ta 19, kafin a zo kan masu ƙarfi. Hakan ba zai yiwu a ƙwallon ƙafa ba saboda dalilai biyu. Gasar besbol rufaffiya ce, babu mai faɗuwa daga cikinta, masu ƙungiyoyin kuma tamkar abokan kasuwanci ɗaya ne da ke son kowa ya samu abin nunawa 'yan kallo. Sannan ɗan ƙwallon ƙafa yana da 'yancin zaɓar inda zai yi aiki, musamman tun bayan hukuncin kotun Turai na 1995 a shari'ar Jean-Marc Bosman, wanda ya tabbatar da cewa wanda kwantiraginsa ya ƙare yana iya tafiya ba tare da an biya kuɗi a kansa ba.

Sakamakon haka, Wikki ko wata ƙungiya da ke ƙasan teburi ba ta da wani fifiko a kasuwar tsakiyar kaka. Tana gogayya da masu neman kofi a kan 'yan wasa ɗaya, kuma ɗan wasan da ke da zaɓi yakan duba inda ake biyan albashi a kan kari da inda ba a fargabar faɗuwa. Abin da ke hannun shugabanninta shi ne su san gurbin da ke buƙatar gyara tun kafin wasa na 19, su samu amincewar fitar da kuɗi kafin a buɗe rajista, su kuma sallami wanda za su sallama tun kasuwa tana ci, yadda zai samu wata ƙungiya kafin a rufe.