Saifa, Naman da Ke Sake Tsirowa: Abubuwan Ban Mamaki a Taƙaice

Saifa tana hagun ciki, ƙarƙashin haƙarƙari, nauyinta a jikin babba wajen giram 150. Ga taushi, ga jini maƙil, shi ya sa haɗarin mota ko faɗuwa daga babur kan fasa ta.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne abin da kan biyo bayan fashewar. Ɓarɓashinta kan watsu a ciki, ya manne wa hanji ko hanta, ya samu jijiyoyin jini, ya ci gaba da rayuwa abinsa. A 1939 Buchbinder da Lipkoff suka raɗa wa wannan suna splenosis. In tantanin da ya raba ciki da ƙirji ya yage, har kusa da huhu akan tsinci 'yar saifa. Bayan shekaru sai a ga ƙulli a hoto, a zaci ciwon daji ne, kuma an sha yi wa mutane tiyata saboda haka. Don Allah, wanda aka taɓa cire wa saifa ya riƙa faɗa wa likita.

Ganin yadda ɓarɓashin ke rayuwa ne ya sa wasu likitocin tiyata kan yanka saifar da ta lalace gunduwa-gunduwa, su ɗinke ta cikin kitsen da ke lulluɓe hanji. Dalili kuwa, tun 1952 King da Shumacker suka nuna cewa jariran da aka cire wa saifa kan kamu da cuta mai kisa cikin gaggawa.

To, yaya za a san dashen ya kama? Da sikanin, irin wanda ake yi wa masu juna biyu. Akan zuba ruwa mai ƙananan kumfan iska ta jijiya. Naman saifa kan riƙe kumfan, ya daɗe yana haske a allo, daga baya iskar ta fita ta numfashi. Amma hoto girma da gudun jini yake nunawa. Ko saifar tana aiki, sai a duba jini: in akwai ɗigon da ake kira Howell-Jolly a jajayen ƙwayoyi, tace jinin da saifar ke yi bai wadatar ba.

Da na'urar sikanin ta hannu aka auna Bajau, masuntan Indunusiya masu nutso, aka wallafa a 2018 cewa saifarsu ta fi ta maƙwabtansu Saluan girma da kusan rabi.

A wajenmu kuwa, zazzaɓin cizon sauro kan kumbura saifa har ƙaramin bugu ya fasa ta, sikila kuma kan sa ta motse tun ƙuruciya. Wanda ya rasa saifa, ko da an dasa masa guntunta, akan yi masa rigakafin ciwon huhu da na sanƙarau, kuma in zazzaɓi ya kama shi, ranar ake kai shi asibiti.