Injin da ba ya ba da bashi: Abin da ke tattare da ɗaura wa tsofaffin injina na'urar biyan kuɗi a Haɗejiya

Duk wanda ya saba kai kaya wurin mai wanki da guga a Haɗejiya ya san yadda cinikin yake. A ƙirga kaya, a ware kuɗin babbar riga da na 'yar shara, a sa ranar karɓa. Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne ƙarshen cinikin. Maimakon a miƙa takardar naira 500, sau da yawa sai mai wanki ya karanto lambar asusun OPay ko Moniepoint, a tsaya ana duban waya har alat ya shigo.

Sauyin ya kankama ne lokacin canjin kuɗi. A ranar 26 ga Oktoban 2022 Babban Bankin Najeriya, ƙarƙashin Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Zuwa Fabrairun 2023 tsabar kuɗi ta yi ƙaranci a ko'ina, masu POS na cajin abin da suka ga dama, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki. Kafin a kai nan, mai kifi da mai shayi da mai niƙa duk sun koyi taransifa, ko suna so ko ba sa so.

A nan mutane ne suka koyi sabon salon karɓar kuɗi. A wasu ƙasashen injina aka koya wa, kuma yadda aka yi hakan zai amfani duk mai tunanin sayo injin wanki na kasuwanci, ko mai injin da ya gaji da rigimar lissafi da yaronsa.

Injin da ke jiran kwandala

A 1934 aka buɗe shagon farko na wanki da kai a birnin Fort Worth na jihar Texas a Amurka, inda mutum ke shiga da kayansa ya yi hayar inji. Landan ta samu nata a 1949. Daga baya aka sa wa injinan akwatin sulalla, ta yadda mai shago ba ya buƙatar zama: ka jefa kuɗi, inji ya tashi. A Amurka kwandalar santi 25 ce ta zama abincin waɗannan injina na kamfanoni irin su Speed Queen da Maytag da Dexter.

Injinan suna da ƙarko, sukan yi shekara goma sha biyar ko fiye suna aiki. Kuɗin da aka ƙera su domin karɓa ne ya riga su tsufa. A 2017 Birtaniya ta fito da sabuwar kwandalar fam ɗaya mai kusurwa 12, dole masu injina suka sake bakin da ke tantance kuɗin. A 2020, lokacin korona, sulalla suka yi ƙaranci a Amurka har babban bankin ƙasar ya riƙa rarraba wa bankuna da ƙayyadewa. Mai shago na da inji lafiyayye, mai wanki na da kuɗi a waya, amma babu abin da zai haɗa su.

Maimakon zubar da injinan, sai kamfanoni irin su PayRange da Nayax suka riƙa sayar da ƙananan na'urori da ake ɗaurawa a jikin tsohon inji.

Yadda ake haɗa wayoyin

Sirrin aikin shi ne injin bai san kuɗi ba. Idan kwandala ta faɗa bakin akwatin, takan taɓa wani ɗan makunni ko ta gifta wani haske, sai a aika wa fanel ɗin injin bugun lantarki guda ɗaya. Fanel ya ƙirga: ɗaya, biyu, uku, har adadin da aka saita masa ya cika, sai ya saki injin. Bugun kawai yake ƙirgawa.

Saboda haka sabuwar na'urar ba ta da wani aiki illa kwaikwayon wannan bugun. Ana jona ta a kan wayoyin da suka fito daga bakin sulalla zuwa fanel, a samo mata 'yar wuta daga cikin injin. Mutum ya biya da kati ko manhajar waya, na'urar ta aika bugu takwas, injin ya ɗauka an jefa masa kwandala takwas. A injin busar da kaya ma haka ne, sai dai a can kowane bugu mintuna yake ƙarawa.

Injinan da suka fi tsufa ba su da fanel. Suna da wata aljihun ƙarfe da ake jera sulalla a tura da hannu, turawar ce ke tayar da agogon injin. Irin waɗannan sai an sa musu ƙaramin makunni mai aiki da lantarki, wanda masu gyara ke kira rile, ya yi aikin da hannu ke yi. A nan haɗarin yake, domin wayoyin da ke wurin sukan ɗauki cikakkiyar wutar layi. Wanda ya jona na'urar da aka yi wa 'yar ƙaramar wuta kai tsaye a kansu ya ƙone ta nan take, idan ya yi sa'a ita kaɗai ta ƙone. Ga shi kuma inji ne na ƙarfe, a wurin da ruwa ke kwance, mutane na taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu. Wayar da ake binnewa a ƙasa domin kwashe wutar da ta ɓalle, wadda masu gini da yawa ke tsallakewa don rage kuɗi, a nan ita ce tsakanin mai wanki da ajali.

Akwai wani bambanci da ya shafi yankin Haɗejiya sosai. Wasu na'urorin na ɗauke da layin waya nasu, sai da sabis suke aiki. Wasu kuma, kamar ta PayRange, da Bluetooth suke magana da wayar mai biya, wayar ce ke neman intanet. Ko wanne aka zaɓa, a ƙauyukan Guri ko Kirikasamma inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, za a yi ta fuskantar abin da kowa ya sani a gaban mai POS: kuɗi sun fita, ba su isa ba. Mai POS ana iya riƙe masa riga, ko a kai ƙararsa wurin mai unguwa. Inji kuwa tsayawa zai yi shiru da kayan mutum a cikinsa.

A nan kwandala ta riga injin mutuwa

Dattawan Haɗejiya sun yi ciniki da anini da kwabo da taro da sisi da sule. Naira ta zo a 1973 da nata sulallan. Na ƙarshe da aka fitar su ne na Fabrairun 2007: kwabo 50, naira 1 da naira 2. A 2012 Sanusi Lamiɗo Sanusi, yana gwamnan Babban Banki, ya kawo shirin mayar da naira 5 da 10 da 20 sulalla tare da buga takardar naira 5,000, aka yi ta ce-ce-ku-ce har gwamnatin Goodluck Jonathan ta dakatar da shirin. Yau kwandalar naira 2 ba ta sayen alawa ɗaya.

Don haka injin sulalla bai taɓa samun gindin zama a ƙasar nan ba. Wanda ya sayo irinsa na gwanjo, akwatin kuɗin da ke jikinsa ƙarfe ne kawai. Ko dai a tsallake shi a sa makunnin hannu, ko a ɗaura masa na'urar zamani.

Kafin a kai ga biyan kuɗi ma, akwai tarkon da dillali ba zai faɗa ba. Wutar Amurka na kaɗawa sau 60 a daƙiƙa, ta Najeriya sau 50, ƙarfinsu ma ba ɗaya ba ne. Taransifoma na iya gyara ƙarfin, amma ba ta gyara kaɗawar. Tsohon agogon injin da ke bin kaɗawar wuta zai riƙa tafiya a hankali, wankin minti 30 ya koma 36, motar kuma ta riƙa zafi. Mai sayar da lokaci a janareta, waɗannan mintuna shida daga aljihunsa suke fita.

Batun injin busarwa kuwa gajere ne. A garin da rana ke busar da zanen gado kafin a gama sallar azahar, kasuwarsa ba ta wuce otal da asibiti da 'yan makonnin tsakiyar damina ba. Shadda ma ba ta son sa, sitati da bugu take so. Inda injin wanki mai biyan kansa zai iya ci shi ne wurin da ɗalibai suka taru, kamar kewayen Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman ko Jami'ar Sule Lamiɗo da ke Kafin Hausa, in har an samu ruwa da wuta tsayayyu.

Darasin mita mai kati

Mutanen Jigawa ba baƙi ba ne ga wannan dabara. Mita mai kati da KEDCO ke sakawa ita ma na'urar biya ce da aka ɗaura wa tsohon wayarin gida. A sayi lambobi 20, a danna, wuta ta zo. Kuɗi su ƙare, ta yanke da kanta. Ta raba mutane da bil ɗin ƙiyasi, abin da ya sa ake rububinta.

Amma ita ma ta nuna cewa na'urar biya tana da nata wa'adin. Tsarin lambobin da mitocin ke amfani da shi ya cika a ranar 24 ga Nuwamban 2024, dole aka sabunta mitoci a Najeriya da sauran ƙasashen da ke kan tsarin, wadda ba a sabunta ba ta daina karɓar sabon kati. Wanda zai ɗaura wa injinsa na'urar wani kamfani ya kamata ya tambaya tun farko: idan kamfanin ya rufe, ko ya sauya manhaja, ko ya ƙara kason da yake cira, injin zai ci gaba da tashi?

Fadama da bashin kaka

Injinan da ake sayar da aikinsu da awa ko da kwano a ƙasar Haɗejiya ba na wanki ba ne. Injin ban ruwa ne, da na niƙa, da na casar shinkafa, da famfon burtsatse, da shagon cajin waya. Kuma kusan dukansu matsalarsu ɗaya: mai inji yana gari, yaro yana wurin aiki, da yamma lissafin mai da na ciniki ba sa haɗuwa. Na'urar da ke ƙirga kowace awa ta tura kuɗin kai tsaye asusun mai inji za ta kashe wannan rigimar. A Kenya an yi nisa da hakan. A 2015 aka fara sayar da ruwa da kati a unguwar Mathare ta Nairobi, kamfanin SunCulture kuma na ba manoma famfon sola su riƙa biya kaɗan-kaɗan ta waya.

Hannun da zai yi aikin ma akwai. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, makanikai a Arewa suka riƙa juya injinan ban ruwa su koma aiki da tukunyar gas ta girki. Wanda ya iya wannan ba zai gagara jona rile ba. Sai dai injin fetur da ake ja da igiya ya fi wuyar kullewa, famfon lantarki ko na sola ne ke karɓar na'urar cikin sauƙi.

Abin dubawa shi ne yadda kuɗi ke tafiya a fadama. Manomin shinkafa ko alkama ko tattasai a Auyo ko Malam Madori ba kullum yake da kuɗi ba. Yana da su bayan girbi. Tsakanin shuka da kaka, da yawan abin da yake amfani da shi bashi ne: taki, mai, hayar inji, har niƙan gida. Mai inji ya san shi, ya san mahaifinsa, ya san gonar, sai ya ba shi ruwa yau a kan za a biya da buhu. Wani lokacin a ci ribar da ta yi yawa a wannan bashin, gaskiya ne, amma ruwan dai yana isa gona.

Na'ura ba ta san kaka ba. Idan kuɗin da aka saka suka ƙare, yankewa za ta yi, ko da shinkafa na tsaka da fitar da kai, lokacin da kwanaki kaɗan na ƙishi ke rage amfanin shekara. Masu sayen wayar bashi da ke kulle kanta idan an makara biya sun san yadda abin yake, amma wayar da ta kwana biyu a kulle ba ta bushewa. Matan da ke aika yara niƙa da 'yan canji, da tsofaffin da ba su da asusu ko babbar waya, su ma sai an tanadar musu hanya, ko da mutum ne zai zauna ya karɓi takarda ya danna musu. Ke nan yaron da aka so a sallama ya dawo, da sabon aiki.

Sai kuma ruwan kansa. Kogin Haɗejiya, wanda madatsun Tiga da Challawa ke sama da shi, ga ciyawar kachalla da ta toshe masa hanyoyi a ƙasa, ya yi mummunar ambaliya a 2020 da 2022. Tsohon injin dizal da ruwa ya shanye ana kwance shi, a wanke, a sake mai, ya tashi. Fanel da layin waya da suka kwana cikin laka sai dai a sayi sabo, kuma ba a kasuwar Haɗejiya ba. Duk akwatin da za a sa a bakin fadama dole ya zama a sama da inda ruwan ya taɓa kaiwa, kuma wanda za a iya cirewa a tafi da shi gida kafin watan Agusta.

Masu shagunan wanki da yawa a Amurka, bayan sun ɗaura sabuwar na'urar, ba su cire bakin sulallan ba, sun bar hanyoyin biyu suna aiki tare. Injinan kuma suna da makullin ma'aikaci da ke tayar da su ba tare da biya ba. A Haɗejiya babu kwandalar da za a bari a matsayin hanya ta biyu, don haka makullin ne kaɗai ya rage ga ranar da sabis ya ɗauke ko manomi ya zo hannu wofi. Mai injin da ya riƙe shi a aljihunsa a cikin gari, gona za ta jira shi. Wanda ya bar shi hannun yaro kuma, sai ya nemi na'urar da ke rubuta sau nawa aka murza shi.