Kafso da Ƙwayoyin Cuta: Abin da Magani Ke Yi da Abin da Ba Ya Yi a Wurno, Rabah da Goronyo

Bakteriya wasu ƙananan halittu ne masu rai waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Suna cikin ruwa da ƙasa da abinci, suna kan fata, suna cikin baki da hanji. Mafi yawansu ba su da illa, wasu ma suna taya hanji aikinsa. Kaɗan ne daga cikinsu ke sa ciwo, amma waɗannan kaɗan su ne ke haddasa sanƙarau da kwalara da taifot da tarin fuka da mashaƙo da yawancin ciwon huhu mai tsanani na yara. Idan sun samu wuri mai ɗumi da abinci, wasunsu kan rabu biyu duk bayan minti 20, shi ya sa ciwon da ya soma da safe kan kwantar da mutum kafin magariba.

Maganin da ke yaƙar su shi ne antibayotik, wanda aka fi sani da kafso, ko da yake yana zuwa a ƙwaya da ruwa da allura. Fenisilin da danginsa irin su amoksisilin suna hana bakteriya gina bangon jikinta, sai ta fashe. Tetirasaikilin kuwa yana tsayar da aikin da take yi a cikinta don ta girma ta hayayyafa. A nan iyakar kafso take: mura da ƙyanda bairos ne ke kawo su, shi kuwa ba shi da bangon da za a fasa. Zazzaɓin cizon sauro ma wata halitta ce dabam ke kawo shi, maganinsa dabam.

A gabashin Sakkwato kowane lokaci na shekara da irin cutarsa. Daga sanyin hunturu zuwa bazara, ƙura da busasshiyar iska kan raunata hanci da maƙogwaro, sai ƙwayar sanƙarau ta samu ƙofa zuwa jini da rigar ƙwaƙwalwa. Yankin yana cikin zirin sanƙarau na Afirka, wanda ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha. A annobar 1996 mutum fiye da 100,000 suka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu. Rigakafin sanƙarau nau'in A da aka soma yi a ƙasar a 2011 ya karya lagon wannan nau'i, sai nau'in C ya ɓullo a Sakkwato a 2013 da Kabi a 2014, ya yi ta'adi a 2017, inda aka lissafa mutum sama da 14,000 da ake zargin sun kamu da fiye da 1,100 da suka mutu, galibi a Zamfara da Sakkwato da Katsina. Maganin sanƙarau allurar seftirayakson ce, kuma sa'o'i ake lissafawa. Yaron da ya wayi gari da zazzaɓi da sandarewar wuya, aka tsaya ana gwada kafso a gida, ko ya rayu yana iya kurumcewa.

Da damina kuwa, idan gulbin Rima ya cika ya malala cikin fadamun Goronyo da Wurno kamar yadda ya yi a 2010, ko gulbin Sakkwato ya tumbatsa ta wajen Rabah, bayan gida kan gauraya da rijiya, sai amai da gudawa da taifot su biyo baya. Kwalara rashin ruwa a jiki take kisa da shi, don haka babban maganinta ruwan gishiri da sukari ne ko ƙarin ruwa ta jijiya. Antibayotik taimako ne ga wanda ciwon ya yi wa tsanani.

Akwai kuma cutar noma, wadda ke somawa da kumburin dasashi a bakin yaro ɗan shekara 2 zuwa 6, musamman mai tamowa ko wanda ya tashi daga ƙyanda, ta cinye kumatu da leɓe cikin kwanaki. Idan aka gane ta tun tana dasashi, antibayotik da wanke baki da abinci mai gina jiki sun isa. Idan aka bari, yawancin yaran ba sa tsira, waɗanda suka tsira kuma sai an yi musu tiyata a Asibitin Noma na Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999. A Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci.

Matsalar ita ce maganin da ke ceton waɗannan yara yana rasa kaifinsa. Manomin albasa ya san cewa idan aka yi ta feshi da maganin da aka tsarma da ruwa, ƙwarin da suka fi taurin rai ne ke saura, kuma 'ya'yansu ne ke cika gona baɗi. Haka bakteriya: magani kaɗan yana kashe raunana, ya bar masu jurewa su yaɗu, har ma suna miƙa wa juna wannan juriya. Ba jikin mutum ne ya saba da magani ba kamar yadda ake yawan faɗa, ƙwayar ce ta bijire, kuma tana iya kama maƙwabcin da bai taɓa shan kafso ba. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, ya yi wannan gargaɗi tun 1945. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa bijirewar ƙwayoyin cuta ta kashe mutum miliyan 1.27 a duniya a 2019, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a.

Yadda ake shan kafso ya bayyana dalili. A kemis ko a faifan mai talla ranar kasuwa, ana sayen kafso ja da yalo guda biyu don gudawa, a haɗa Flagyl, a daina da zarar ciki ya lafa. Ana ɗiga wa jariri Ampiclox wai don wanke jiki, alhali lafiyarsa ƙalau. Duk zazzaɓin da ya daɗe sai a ce taifot ne, bisa gwajin Widal da likitoci suka daɗe da sanin yana yawan nuna cuta inda babu. Makiyayi ya yi wa saniya allura yau, gobe a tatsi nononta a kai kasuwa. Ga kuma jabu da maganin da rana ta gasa. Ɗora laifin duka a kan jahilci rashin adalci ne: wanda asibiti ya yi wa nisa, hanya ba tsaro, kuɗinsa na kafso huɗu ne kawai, abin da ya samu zai sha. Amma illar tana nan. Tetirasaikilin yana ɓata haƙoran yara 'yan ƙasa da shekara 8, kafso barkatai yana kashe bakteriya masu amfani na hanji, wasu mutane kuma fenisilin kan tayar musu da borin jini mai iya kisa.

Hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka a Nijeriya ta fitar da shirin ƙasa na yaƙi da wannan matsala a 2017, ta sabunta shi a 2024. A 2024 ɗin kuma Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta soma amfani da rigakafin Men5CV, mai kariya daga nau'o'in sanƙarau biyar. Rigakafi da tsabtataccen ruwa su ne ke rage buƙatar kafso tun daga tushe. Inda buƙatar ta zo, ma'aikacin lafiya ne zai faɗi irin maganin da adadinsa da kwanakinsa, a sha yadda ya ce, kada a raba da wani, kada a ajiye saura. Sandarewar wuya, numfashi da sauri ga yaro, gudawa kamar ruwan shinkafa, da kumburin baki mai wari, duk na asibiti ne a ranar da aka gan su.