Eric Liddell, ɗan zari-ruga da ya ƙi gudu ranar Lahadi

A gidajen kallon ƙwallo na Miri hira ba ta wuce gasar Firimiya da halin da ƙungiyar Wikki Tourists ke ciki. Zari-ruga kuwa, wasan da ake rungumar ƙwallo mai siffar ƙwai a sheƙa da ita, sai dai a ci karo da shi a talabijin. Amma wasan ya yi wani ɗan wasa da labarinsa ya isa a zauna a saurara.

An haifi Eric Liddell a birnin Tianjin na ƙasar Sin a 1902, iyayensa 'yan mishan ne daga Sikotland. Yana ɗalibin kimiyya a Jami'ar Edinburgh aka kira shi tawagar ƙasar Sikotland, ya buga mata wasa 7 tsakanin 1922 da 1923, a gefen fili, inda ake ajiye masu ƙafa. Sau ɗaya kacal aka ci su a wasannin nan, Ingila ce ta yi musu a 1923. A wancan zamanin, a irin zari-rugan da yake bugawa, ba a biyan ɗan wasa ko sisi. Wanda aka kama ya karɓi kuɗi ma korarsa ake yi.

Gudun nasa ne ya raba shi da wasan. Ya koma tsere, da shirin gasar Olamfik ta Paris a 1924. Sai jadawali ya nuna za a yi zagayen share fage na mita 100, inda ya fi gwaninta, ranar Lahadi. Ya ce shi kam ba ya gudu a ranar ibadarsa. Aka yi ta surutu, bai janye maganarsa ba. Ya shiga mita 400 ya ɗauki zinare cikin daƙiƙa 47.6, ga tagulla a mita 200. Masu kallo sun sha dariyar salon gudunsa, kai a ɗage, baki a buɗe, hannuwa na kaɗawa ko'ina.

Shekara guda bayan haka ya tattara ya koma Sin koyarwa, yana ɗan shekara 23. Sojojin Japan suka tsare shi a sansanin Weihsien a 1943, inda ya ci gaba da koyar da yara da shirya musu wasanni. Ƙari a ƙwaƙwalwa ya yi ajalinsa a can ranar 21 ga Fabrairu, 1945. Fim ɗin Chariots of Fire na 1981 ya ba da labarin tseren Paris.