Shirin da ya sa wasu magoya bayan Arsenal suka sassauta wa Arteta

A watan Agustan 2022 ne Amazon ya saki All or Nothing: Arsenal, shiri mai kashi takwas da ya bi ƙungiyar har cikin ɗakin canja kaya a kakar 2021/22. Kowa ya san ƙarshen labarin: Arsenal ta ƙare a mataki na biyar, Tottenham ta yi gaba da gurbin Gasar Zakarun Turai. Duk da haka aka yi ta kallo.

Wurin da aka fi shan dariya shi ne inda Mikel Arteta ya sa aka kafa lasifikoki a filin atisaye ana kunna waƙar magoya bayan Liverpool, wai don yaransa su saba da hayaniyar Anfield. Da suka je, huɗu aka zura musu babu ko ɗaya. 'Yan adawa kuwa sai abin nema ya samu.

Batun Aubameyang ne ya raba kawunan magoya baya. Ganin yadda aka karɓe masa kyaftin a Disamban 2021 kan saɓa dokar ƙungiya ya sa wasu masu neman a kori Arteta suka sauko, suna cewa ashe kocin ba ya ɗaukar raini. Wasu kuma suka ce ba a bar ɗan wasan na Gabon ya faɗi nasa ba. A ganina suna da hujja, domin kyamarar ta fi zama a ɓangaren koci da shugabanni.