SUTUDIYO: Yadda za ka hana kwamfuta sabunta kanta ana tsakiyar ɗaukar waƙa

Duk wanda ya san yankin Kura, Bunkure da Garun Malam ya san cewa idan shinkafa ta zo gida aka kai kasuwa, to kakar biki ta kama. Kuma a yau da wuya a yi biki ba a yi wa amarya da ango waƙarsu ta musamman ba, irin ta fiyano mai salon waƙoƙin fim. Wasu samarin su niƙi gari har sutudiyon Zoo Road a Kano, wasu kuma su tsaya wajen yaron unguwa mai laftof, fiyano da makirufo ɗaya.

To ka ɗauka gobe ne kamu. Ango ya biya rabin kuɗi, mawaƙi ya gyara murya, mai amshi ta zo tun la'asar. Makaɗi ya kunna kwamfuta, sai ga allo ya yi shuɗi, wasu ɗigogi su na ta zagaye, an rubuta wai kada a kashe ta. Jannareto na shan mai, lokaci na tafiya. Wannan shi ake kira ofdet, wato kwamfuta ta sabunta manhajar Windows da kanta ba tare da ta nemi izinin kowa ba.

A da can babu wannan rigimar. Lokacin su 'Sangaya', fiyanon Yamaha ne sarki, kuma ko da kwamfuta ta shigo sutudiyo da su Cubase da Fruity Loops, yawancinsu ba su taɓa ganin intanet ba. Windows XP da ta fito a 2001 ta na ba mutum zaɓi ƙarara: ya bari ko ya kashe. Labari ya sha bamban ne a 2015, da kamfanin Microsoft ya fito da Windows 10, inda sabuntawar ta zama kusan tilas a kan ƙaramin samfurin da ake kira Home.

Ɓata lokaci ma ƙaramin abu ne. A Oktoba 2018 wani ofdet ya goge wa wasu mutane fayil-fayil ɗinsu, har sai da kamfanin ya janye shi bayan 'yan kwanaki. A watan dai kuma wani ya sa sauti ya ɗauke ɗif a kwamfutoci da dama. A Janairu 2025 ma kamfanin ya amsa cewa ofdet ɗin watan ya sa wasu na'urorin sauti masu shiga ta USB sun daina aiki. Masu Apple ba su tsira ba: a 2019 manhajar Catalina ta daina karɓar tsofaffin manhajoji masu bit 32, makaɗa da yawa su ka wayi gari kayan kiɗansu sun ƙi buɗewa. Ga kuma matsalarmu ta gida: idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar sabuntawa, kwamfutar na iya ƙin tashi gaba ɗaya.

Dalilin duk wannan ba boyayye ba ne. Tsakanin kwamfuta da akwatin sautin da ake jona makirufo akwai wata 'yar manhaja da ake kira direba, ita ce tafintarsu. Ofdet na iya canza ta, ko ya canza abin da ta dogara a kai, sai ka ji murya na makara ko waƙa na ƙarƙar kamar tsohon kaset.

To a kashe shi kwata-kwata a huta? A'a, malam, a bi a hankali. A Mayu 2017 wata ƙwayar cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, ta kulle fayil ta ce sai an biya kuɗi. Abin haushin, tun watan Maris na shekarar Microsoft ya fitar da maganin, waɗanda ba su sabunta ba su ne su ka ji a jikinsu.

Manomin rani ya fi kowa gane wannan. Ruwan madatsar Tiga, wadda aka gina tun zamanin Gwamna Audu Baƙo, shi ne ran gonakin Kura da Bunkure, amma ba wanda ke barin bakin kwata a buɗe dare da rana. Sai ya buɗe ranar da ya shirya, ya tsaya a kai, ya toshe. Haka za ka yi wa ofdet.

Na farko, shiga setin ɗin kwamfutar, ka buɗe Windows Update, ka danna wurin dakatarwa. Za ka iya tsayar da shi har makonni 5. Ka yi hakan tun kafin ka karɓi aikin biki ko na fim.

Na biyu, a nan dai akwai wurin saita awoyin aiki, har awa 18 a rana, waɗanda kwamfutar ba za ta kashe kanta ta sake tashi a cikinsu ba.

Na uku, idan da datar waya ka ke jona ta, shiga setin ɗin Wi-Fi ka nuna mata cewa datar a ƙidaye ta ke. Za ta rage sauke manyan kaya, kai ma kuɗinka ya huta, kodayake wasu muhimman gyare-gyare kan kutso duk da haka.

Na huɗu, ka san ranarsu. Talata ta biyu a kowane wata Microsoft ke sakin ofdet. Bari ya yi mako ɗaya ko biyu, ka ji abin da ya yi wa wasu. Sannan ka zaɓi ranar da babu aiki, da cikakken caji, ka kwafe waƙoƙinka a wani hadis na daban, ka sabunta, ka gwada makirufo. Idan babban sauyi ne ya ɓata ma ka aiki, ka na da kwana 10 na komawa tsohon.

Wanda Allah ya hore wa, ya ware kwamfutar kiɗa ita kaɗai, ba intanet ba kallon fim. Amma fa ya kula da filas da memorin masu tura waƙa, don ta nan cuta ke shigowa. Mai Windows 7 kuwa ya sani tun Janairu 2020 kamfanin ya yaye ta, Windows 10 ma an daina ba ta kulawar yau da kullum a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Irin waɗannan, zamansu nesa da intanet ya fi alheri.

Ango dai ba ruwansa da Microsoft, waƙarsa kawai ya sani. Don haka makaɗa, kafin kakar biki ta kankama, a leƙa setin.